Ina Ake Samun Littafin Gyaran Mota, Kuma Yaya Za a Gane Wanda Ya Dace?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne, bara maigidana ya yaye ni, yanzu ina da ɗan garejina. Yawancin motocin da ake kawo mini Toyota ne da Honda 'yan tokumbo, sai Golf da Peugeot 406 jefi-jefi, wani lokaci har da Adaidaita. Duk abin da na iya da ido na koye shi, kuma motocin yanzu sun cika wayoyi. An ce mini kowace mota tana da littafin gyaranta. Na nema a intanet na sauke na Camry 2008, amma da na buɗe sai na ga injin da ke ciki ba irin na motar da ke gabana ba ne. A ina ake samun littafi na gaskiya, kuma ya cancanci a kashe masa kuɗi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'a, ɗan'uwa. Ka yi tambaya biyu, inda ake samun littafin da kuma ko ya cancanci kuɗi, amma abin da ya same ka a kan Camry ɗin nan ya nuna akwai wata tambaya da ta riga su, wato yadda bakanike zai tabbatar da ainihin motar da ke gabansa kafin ya fita neman littafinta. A cikin aikina na gyaran wayarin mota da koyar da yara a gareji, na lura cewa yawancin waɗanda suke cewa sun nemi littafi sun rasa, da sunan kasuwa da shekara kawai suka nema, alhali kamfanonin mota da lambobi suke tsara littattafansu. Saboda haka zan daɗe a kan wannan ɓangaren kafin in zo ga wuraren samu.

Dalilin da ya sa abin ya yi wuya a nan

Iyayen gidanmu a wannan sana'a ba su buƙaci littafi sosai ba, kuma suna da hujja. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, 404 da 504 da 505 ne suka cika titunan Arewa na tsawon shekaru. Injinan kaɗan ne, da kafireta suke aiki, wayoyin motar gaba ɗaya mutum yana iya bin su da hannu, kuma yaron da ya shekara biyar yana kwance inji iri ɗaya zai haddace shi ko da bai iya karatu ba. Yau kuwa gareji ɗaya yana karɓar motar da aka ƙera don Amurka da safe, wadda aka ƙera don Jamus da rana, da wadda ta biyo ta Dubai da yamma, kowace da kwamfutarta da sensoshinta. Kamfani yana rubuta bayanan gyara ne don kasuwar da ya sayar da motar tana sabuwa. Motar da ta shigo ta Legas ko Kwatano bayan ta yi shekara goma a Texas, littafinta yana can a tsarin Arewacin Amurka, kuma dilan kamfanin a nan ya fi ƙarfi a kan samfurin da shi yake sayarwa sabo.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne dokokin waɗancan ƙasashe. Tarayyar Turai ta yi doka a 2007 wadda ta tilasta wa kamfanoni su buɗe bayanan gyara ga makanikai masu zaman kansu, a Amurka kuma jihar Massachusetts ta amince da dokar 'yancin gyara a 2012, daga baya kamfanonin suka yarda su bi tsarin a faɗin ƙasar. Wannan ne ya sa kusan kowane babban kamfani yake da shafin da ake biyan kuɗi a karanta littafin da dilolinsa suke aiki da shi. Ba don mu aka yi dokokin ba, amma mun ci moriyarsu.

Fara da sanin motar

Sunayen da 'yan kasuwa suka laƙaba wa motoci, irin su Big Daddy da Muscle da Pencil da EOD, suna da amfani a Kofar Ruwa ko Panteka idan kana neman fitila ko bamba, amma babu littafin da ya san su. Ko sunan kamfani da shekara ma bai isa ba. Ɗauki Camry 2008 da ka ambata. A kasuwar Amurka kaɗai tana zuwa da inji mai silinda huɗu, lita 2.4, mai lamba 2AZ-FE, ko mai silinda shida, lita 3.5, mai lamba 2GR-FE, ko kuma mai haɗa fetur da lantarki. Giyabos ɗin na farko mai giya biyar ne, na biyun mai giya shida, kuma ba su da tsari ɗaya wajen duba mai. Ban da haka akwai Camry ta wannan shekarar da aka ƙera a Ostireliya don ƙasashen Larabawa, akwai kuma ta kasuwannin Asiya mai wata fuska dabam da ƙaramin inji. Littafin da ka sauke mai yiwuwa na gaskiya ne, na wata Camry ce kawai ba taka ba.

Abu na farko da za ka duba shi ne lambar casis, wadda a takardu ake rubuta ta VIN. Tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Farkonta yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 na Meziko. Camry ɗin da ta fara da 4T1 a Kentucky aka yi ta, wadda ta fara da JT daga Japan take, Peugeot kuwa ta Faransa da VF3 take farawa. A motocin da aka yi don Amurka da Kanada, harafi na goma shi ne shekarar samfuri: Y na nufin 2000, daga 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har gaba. Wannan harafin ya fi fuskar mota gaskiya, domin ka san yadda ake canza wa mota fitilu da bamba a mayar da 'yar 2007 ta yi kama da 'yar 2010 don a ƙara mata kuɗi. Shekarar 2010 kuwa ita ce Camry mai silinda huɗu ta koma injin 2AR-FE mai lita 2.5, don haka wanda fuska ta ruɗe shi zai nemi littafin injin da ba ya cikin motar. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafi na kyauta wanda za ka sa lambar casis ya fito maka da bayanin motar.

Motocin Turai ba duka suke bin wannan ƙa'idar ta harafi na goma ba, suna da nasu alamomin. A Golf da Sharan akwai farar takarda manne a cikin but kusa da safaya taya, irinta kuma tana cikin littafin sabis, wadda take ɗauke da haruffan inji da na giyabos da jerin lambobin kayan da aka sa wa motar. A Volkswagen waɗannan haruffan inji su ne komai, domin inji mai lita 1.8 ko 2.0 yana da nau'o'i da yawa masu tsarin wuta da na mai dabam-dabam. A Peugeot akwai lambar ORGA a jikin ginshiƙin ƙofa, wadda take nuna ranar da aka harhaɗa motar, kuma da ita littafin kamfani yake raba wayarin farkon 406 da na ƙarshenta, waɗanda suka sha bamban ƙwarai tun da aka shigo da akwatin BSI mai sarrafa fitilu da ƙofofi da makulli. Motocin da aka yi don cikin Japan kuwa ba su da lamba 17 ɗin nan sam, suna da lambar samfuri ce irin NZE121 sai gajeriyar lamba a bayanta, kuma da wannan lambar samfurin ake neman littafinsu.

Bayan lambar casis, ka leƙa jikin injin da kanka ka karanta lambar da aka buga a kansa. Wannan matakin a Turai ba dole ba ne, a nan kuwa wajibi ne, saboda dalilin da zan zo kansa.

Littattafan ba iri ɗaya ba ne

Mafi sauƙin samu shi ne littafin mai mota, wanda yake zuwa a cikin aljihun dashbod. Makanikai suna raina shi, amma a ciki ne ake samun nau'in baƙin mai da yawansa, iskar taya, jerin fiyus, da jadawalin sabis. Toyota da Honda da Hyundai da Ford duk suna ba da shi kyauta a shafukansu. Idan ka duba jadawalin za ka ga kashi biyu, na tuƙi na yau da kullum da na tuƙi mai tsanani, wato ƙura da zafi da tsayawa a cunkoso. Motar da take yawo a Kano ko Maraɗi cikin hunturu tana cikin kashi na biyu babu tantama, kuma wannan shafin ya isa hujjar da za ka nuna wa mai mota idan ya ce an ce masa man yana kai kilomita dubu goma sha biyar.

Na biyu shi ne littafin gyara na kamfani, wanda shi kake nema. Yana da girma, yakan kai shafi dubbai, kuma an kasa shi. A Toyota akwai littafin gyara kansa, akwai na zanen wayoyi mai suna EWD, akwai kuma wani da yake bayyana yadda sababbin na'urorin samfurin suke aiki, wanda a ganina ya fi kowanne amfani ga mai son ya fahimci mota ba haddace matakai kawai ba. Na uku shi ne kundin kayan gyara, wanda yake nuna kowane ƙarfe a warwatse da lambarsa. Shafukan dillancin kaya irin su Partsouq da Amayama suna barin mutum ya sa lambar casis ya ga waɗannan zanuka kyauta, kuma sau da yawa zanen kaɗai yana warware rigimar wace wosha ce take gaban wace.

Na huɗu, wanda mutane kaɗan suka sani, shi ne sanarwar da kamfani yake aika wa dilolinsa idan wata matsala ta yawaita a wani samfuri. Misali, Toyota ta fitar da irin wannan sanarwa a kan shan baƙin mai da injin 2AZ-FE yake yi a Camry ta 2007 zuwa 2009, inda maganin shi ne canza fiston da ringi zuwa waɗanda aka gyara tsarinsu. Bakaniken da bai san wannan ba zai yi ta zargin mai mota da sayen jabun mai. Shafin NHTSA yana ajiye irin waɗannan sanarwa, yana kuma nuna ko an taɓa kiran mota don gyaran wani lahani ba a kai ta ba. Ina roƙon ka riƙa duba wannan saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda take cikin Corolla da Accord da Civic masu yawa na shekarun 2000, kuma zafi da laima suna lalata sinadarin da ke cikinta har ta fashe da tarkacen ƙarfe a fuskar mutum.

Inda ake samu

Tushe mafi inganci shi ne shafin kamfani. Toyota tana da TIS don motocin Arewacin Amurka da wani dabam don na Turai, Honda tana da Service Express, Volkswagen da Audi suna da erWin, Peugeot da Citroën suna da Service Box. Galibinsu suna sayar da izinin shiga na ɗan lokaci, awa ɗaya ko kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, ban da na wata da na shekara. Dabarar ita ce kada ka sayi izinin sai ka tara jerin abubuwan da kake so, sa'an nan ka zauna inda intanet take da ƙarfi ka karanta ka adana abin da sharuɗɗan shafin suka yarda a adana. Cikas ɗin da za ka gamu da shi shi ne biyan kuɗi da dala ko yuro, domin katin banki na naira yakan ƙi aiki a shafukan waje lokaci-lokaci, wasu shafukan kuma suna neman adireshi na ƙasarsu.

Bayansu akwai kamfanonin da suke sayen bayanai daga masu ƙera mota su tara wuri ɗaya. ALLDATA da Mitchell sun fi ƙarfi a motocin Amurka, Autodata da HaynesPro a motocin Turai. Ga gareji mai karɓar motoci barkatai kamar naka, wannan tsarin ya fi dacewa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin gareji guda. Na daɗe ina ganin cewa wannan aiki ne na ƙungiya: reshen ƙungiyar makanikai ta NATA na unguwa ko makanikai goma da ke fili ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ajiye kwamfuta ɗaya da firinta a ofis, a ɗora yaro mai ilimin boko a kai, duk mai bukata ya zo a buga masa shafi.

Sai littattafan takarda na masu bugawa masu zaman kansu. Haynes na Ingila ya fi shahara, tun 1966 yake fitar da su, kuma hanyarsa ita ce a sayi mota a kwance ta gaba ɗaya ana ɗaukar hoto. Saboda haka ya fi littafin kamfani sauƙin fahimta ga mai koyo, yana kuma nuna yadda za a yi aiki ba tare da kayan aiki na musamman ba. Rauninsa shi ne yana haɗa shekaru da injina da yawa a littafi ɗaya, zanen wayoyinsa a taƙaice yake, kuma ba ya shiga cikin giyabos mai sarrafa kansa. A ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar da daina buga sababbin littattafai a takarda don sababbin motoci, amma tsofaffin, waɗanda su ne motocinmu, suna nan. Ka lura akwai bugun Ingila da bugun Amurka: Golf da 406 a na Ingila za ka nema, Camry da Accord 'yan tokumbo a na Amurka. Chilton ma na Amurka ne, Bentley kuma yana da zurfi ƙwarai a kan motocin Jamus. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi masu karanta Faransanci akwai Revue Technique Automobile, wadda a kan Peugeot da Renault na fi yarda da ita a kan Haynes.

Akwai kuma abin da kowa yake yi, wato fayilolin da ake yaɗawa kyauta a intanet da WhatsApp, da faifan da ake sayarwa cike da manhajojin da aka fasa. Ba zan ɓoye maka cewa akwai littattafan kamfani na gaskiya a cikinsu ba, amma yawancinsu haƙƙin wasu ne da aka kwafa ba izini, kuma manhajar da aka fasa takan zo da ƙwayar cuta, bayananta kuma sun tsaya a shekarar da aka sace ta. Duk shafin da ya ce sai ka sa lambar katin banki don ka sauke littafi "kyauta", ko ya ba ka fayil ɗin da sai an girka shi a kwamfuta maimakon a buɗe a karanta, ka rufe shi. Don tsofaffin motoci irin su 504 da Beetle da tsohuwar Land Rover, ma'ajiyar Internet Archive wuri ne mai kyau.

Kowane littafi ya zo hannunka, ka jarraba shi kafin ka dogara da shi. Buɗe shafukan farko ka ga lambobin samfuri da injinan da ya ce ya ƙunsa. Sa'an nan ka ɗauki abu ɗaya da kake iya gani da ido, kamar jerin fiyus ko launin wayoyin soket ɗin wata sensa, ka gwada da motar. Idan suka dace, littafin nata ne. Idan suka saɓa, ko dai littafin na wata kasuwa ne, ko kuma an taɓa motar.

Motar da ta bar littafinta

Wannan shi ne iyakar littafi a ƙasarmu, kuma ya kamata ka san shi tun yanzu. Mota da yawa da ke kan titi an canza mata inji da na Baljiyam, an sa mata kwamfutar wata shekara, an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye da makulli, an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙi, wasu ma an mayar da sitiyarinsu daga dama zuwa hagu. Irin wannan mota tana iya buƙatar littafi biyu, ɗaya na jiki bisa lambar casis, ɗaya na inji bisa lambar da ke jikinsa, kuma inda aka haɗa wayoyin biyun babu takardar da ta san shi sai wanda ya yi haɗin. Duk da haka littafin ne yake nuna maka yadda motar take kafin a taɓa ta, kuma da shi za ka gane cewa shan fetur da mai mota yake kuka da shi ya samo asali ne daga tamostat ɗin da aka cire, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfuta tana ci gaba da ƙara masa mai. Daga nesa ba zan iya yanke hukunci a kan motar da ke garejinka ba, sai an ga lambobinta an kuma ga abin da hannu ya yi mata.

Karanta shi daidai

Samun littafi rabin aiki ne, domin kuskuren karatu yana karya ƙarfe. Awon ɗaurin noti yana zuwa a ma'auni dabam-dabam: littafin Amurka yana amfani da ft-lb, na Turai da N·m, tsofaffin na Japan da kgf·m. Ft-lb ɗaya kusan N·m 1.36 ne, kgf·m ɗaya kusan N·m 9.8, in-lb kuwa kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne na ft-lb, kuma wanda ya rikita waɗannan biyun zai tsinke ƙananan notuna ko ya cinye zaren aluminiyam. Notin tayar Camry da Corolla N·m 103 ne, wato ft-lb 76. Notunan tof silinda na injin 1ZZ-FE na Corolla ana ɗaure su zuwa N·m 49 bisa jeri na musamman, sa'an nan a ƙara juya kowanne digiri 90. Babu hannun da yake jin wannan, komai ƙwarewarsa, saboda haka littafi ba shi da amfani a wannan aikin sai an haɗa shi da sifana mai awon ɗauri. Yawan gasket da suke sake ƙonewa bayan wata biyu daga nan suke fitowa.

A zanen wayoyi kowane kamfani da harshensa. A Toyota, B baƙi ne, L kuma shuɗi, wanda ya ɗauki B a matsayin shuɗi zai bi wayar da ba ita ba. Honda tana rubuta BLK da BLU. Motocin Jamus suna taƙaita launi da Jamusanci, suna kuma da lambobin da ba sa canzawa: 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da take zuwa bayan an murɗa makulli, 31 ita ce ƙasa kuma wayarta ruwan ƙasa ce, 85 da 86 da 87 ƙafafun rile ne. Peugeot ta fi dogara da lambar da aka buga a jikin waya fiye da launi. Kowane littafin wayoyi yana da 'yan shafuka a farko da suke bayyana alamominsa, kuma su ne shafukan da kowa yake tsallakewa.

Haka batun na'urar sikana. Tun 1996 kowace mota a Amurka take da soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16 inda ake jona na'urar, a Turai kuma motocin fetur tun 2001, na dizal tun 2004. Na'urar tana ba da lamba, amma lambar ba ta ce a canza kaya ba. P0171 yana nufin kwamfuta ta ga iska ta rinjayi mai, kuma dalilin yana iya zama tiyo da ya tsage, ko sensar iska da ƙura ta rufe, ko famfon mai da ya yi rauni, ko nozul da ya toshe. Littafin kamfani yana ba da matakan gwaji ɗaya bayan ɗaya tare da awon da ya kamata mita ta nuna. Lambobin da suka fara da P1 kuma na kowane kamfani ne, ma'anarsu a Honda dabam take da ta Volkswagen. A man giya ma haka: Toyota tana da T-IV da WS, Honda ta maye gurbin Z1 da DW-1, giyabos na CVT, wato wanda ba shi da matakan giya, yana da nasa man, kuma zuba jan mai kowane iri saboda launinsa ya yi kama shi ne ajalin giyabos da yawa. Kafin ka taɓa soket mai launin rawaya na jakar iska, Toyota ta ce a cire batir a jira daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. Wayoyi masu launin lemo a mota mai haɗa fetur da lantarki suna ɗauke da wuta mai ƙarfi wadda a motoci da yawa ta haura bolt 200, kada ka kusance su sai ka karanta yadda ake kashe ta kuma kana da safar hannu ta aikin.

Adaidaita da babura da manyan motoci

A nan hanyar ta fi gajarta. Bajaj RE da TVS King da Boxer sababbi ake shigo da su ta dilolin da suke da wakilci a ƙasar, don haka wurin neman littafin sabis da kundin kaya shi ne cibiyar sabis ta dilan, kuma sukan shirya wa makanikai horo. A manyan motoci da taraktoci ka nemi littafin kowane sashe bisa farantin da ke jikinsa, domin sau da yawa inji na wani kamfani ne, giyabos na wani: taraktocin Massey Ferguson da yawa da injin Perkins suke aiki, tireloli da yawa kuma da giyabos na ZF.

Game da kashe kuɗi, shawarata ita ce ka bi abin da ya fi shigo maka. Tunda Toyota da Honda ne abincinka, ka rubuta injina huɗu ko biyar da ka fi gani, ka sayi izini na 'yan kwanaki a shafin kamfani ka tattara awon ɗauri da matakan tayimin da zanen wayoyin inji na kowanne, ka buga su ka sa a leda saboda baƙin mai. Don Golf da 406 da suke zuwa jefi-jefi, Haynes bugun Ingila ya wadatar. Camry ɗin da ke gabanka kuwa, ka duba farantin ƙofa: idan lambar samfurin ta fara da ACV40 littafin 2AZ-FE za ka nema, idan GSV40 ce na 2GR-FE, idan kuma ASV40 ce to motar ba 'yar 2008 ba ce, na 2AR-FE za ka nema.